Daga Gindin Tsamiya: Labarin Majami'a da Makarantar Garkida

Garkida ƙaramin gari ne a bakin kogin Hawul, cikin ƙasar Bura, a Jihar Adamawa ta yanzu. Ran 17 ga Maris, 1923, waɗansu Turawan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta fari a wurin tare da mutanen gari, a gindin wata tsamiya. Da ma Biu suka so su zauna, amma hukuma ta hana su. A ranar nan babu majami'a, babu makaranta, babu asibiti. Daga wannan taro ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta tsiro.

Ba a daɗe ba aka buɗe makaranta, ana koya wa yara karatu da harshensu na Bura. Aka kuma soma aikin magani. Uwargidan Kulp, Ruth, ta rasu a 1924, aka sa wa asibitin garin sunanta. A 1929 aka buɗe wurin jiyyar kutare a Virgwi, kusa da garin.

To, ta yaya aikin ya kai ƙauyuka? Turawa kaɗan ne, ba su isa su ratsa kowane lungu ba. 'Yan ƙasa ne suka ɗauki kayan. Saurayi ya koyi karatu, ya koma ƙauye ya zama mai bishara da malami gaba ɗaya. Jama'a su yi gayya, maza su kwaɓa ƙasa su sari itace, mata su ɗebo ruwa, a yi jinka. Ɗakin nan guda shi ne aji ran Litinin, shi ne majami'a ran Lahadi. Waɗanda suka warke a Virgwi su ma sun koma garuruwansu da karatu da bishara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka aka gina yawancin majami'un ƙauye.

Da makarantu suka yawaita sai aka bukaci malamai, aka buɗe makarantar horon malamai a Waka, kusa da Biu, a 1952. A 1960 kuma aka kafa Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp, wadda ta zauna a Kwarhi, kusa da Mubi. Manoma, ku lura da wannan: a can, a wancan zamani, ɗalibi yakan koyi Littafi da noma tare, har da huɗa da garmar shanu, domin in ya koma ƙauye ya ci da kansa, ya kuma nuna wa maƙwabta. Daga baya gwamnati ta karɓi makarantun mishan da asibitoci, ekklesiya kuwa ta tsaya da ƙafafunta a 1972.

Wahala ba ta tsallake wuraren nan ba. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Kwarhi. A watan Fabrairu na 2020 suka shiga Garkida, suka ƙone majami'u da waɗansu gine-gine. Duk da haka, a 2023 ekklesiya ta yi bikin cika shekara 100.

Ana iya sāke gini bayan gobara, amma tsoho in ya tafi da labari a bakinsa, ba mai dawo da shi. Labarin Garkida an rubuta shi. Na ƙauyenku fa? Wane ne ya ba da filin majami'arku? Wane ne malami na fari, ina aka zauna aka yi aji? A taron ƙungiyarku mai zuwa, ku zaɓi mutum biyu masu iya rubutu, ku saya musu littafi, su zauna da dattawa maza da mata tun suna da rai. A yi kofi biyu, ɗaya a majami'a, ɗaya a gidan sakatare. In kun gama, ku zaga ku duba rufin makarantar 'ya'yanku kafin damina ta sauka.