Bishop Kukah: Ɗan Ƙauye Mai Aikin Sulhu

A ɗariƙar Katolika, Bishop shi ne shugaban limaman coci na wani yanki. Matthew Hassan Kukah ɗaya ne daga cikinsu. An haife shi a 1952 a ƙauyen Anchuna, ƙasar Zangon Kataf, Jihar Kaduna. Ya yi karatun addini a Zariya da Jos. Ya zama Fada a 1976. A 2011 aka naɗa shi Bishop na Sakkwato.

Gab da zaɓen 2015 jama'a sun ji tsoron ɓarkewar rikici. Sai shi da Janar Abdulsalami Abubakar, wanda Musulmi ne, suka haɗa kai a kwamitin sulhu. Kwamitin ya sa Jonathan da Buhari suka sa hannu a takardar alkawarin zaman lafiya. Lalle zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.