Ladabtar da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi a Nijeriya: Bin Ƙa'ida da Yin Hukunci a Fili

1.0 Gabatarwa

Ladabtarwa, watau hukunta ma'aikaci a kan saɓa wa dokar aiki, abu ne da babu ma'aikatar da za ta zauna lafiya in ba ta yin sa. Sai dai a ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya al'amarin yana da nauyi na daban, domin mai tuhuma da wanda ake tuhuma galibi 'yan gari ɗaya ne, sun san gidajen juna, sun kuma san jam'iyyar da kowa ya yi wa hidima a lokacin zaɓe. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyar da doka ta shimfiɗa wajen ladabtarwa, da kuma nuna cewa hukuncin da aka tsallake matakansa, ko aka yi shi a ɓoye, yakan cuci mara laifi, ya kuma kuɓutar da mai laifi.

2.0 Masu Ikon Ladabtarwa

A zamanin En'e, ɗaukar ma'aikaci da sallamarsa a Arewa suna hannun sarki ne da majalisarsa. Gyaran fuskar da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 ya kawo tsari iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya, ya kuma mayar da sha'anin manyan ma'aikata hannun wata hukuma ta jiha, wadda a yau ake kira Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi. Bisa tsarin da jihohi suka saba bi, ma'aikaci mai matakin albashi na 07 zuwa sama wannan hukuma ce ke da ikon ɗaukarsa, da ƙara masa girma, da canza masa wurin aiki, da hukunta shi. Masu mataki na 01 zuwa 06 kuwa, kwamitin ƙananan ma'aikata na cikin ƙaramar hukumar ne ke duba al'amarinsu.

Hikimar wannan rabo ita ce a raba abincin ma'aikaci da fushin ɗan siyasa. Shugaban ƙaramar hukuma yana iya kai ƙarar ma'aji ko shugaban sashe, amma ba shi da ikon korarsa da bakinsa. Duk da haka akwai rauni a tsarin. Sashe na 197 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci hukumomin jiha guda uku ne kawai, babu wannan a cikinsu. Ke nan dokar majalisar jiha ce ke kafa ta, gwamna kuma shi ke naɗa wakilanta. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024 ya shafi kuɗin ƙananan hukumomi ne da wajibcin zaɓen shugabanninsu, bai taɓa wannan ɓangare ba.

3.0 Matakan Ladabtarwa

Ƙa'idojin aiki sun ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha, amma kusan duk sun ɗauko salonsu daga ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya. Ana iya taƙaita matakan kamar haka:

(a) Takardar tuhuma. A rubuta wa ma'aikaci laifin da ake zarginsa da shi dalla-dalla, da rana, da wuri, da ƙa'idar da ya karya. Tuhumar da ta tsaya a kan "rashin ɗa'a" kawai ba ta nuna wa mutum abin da zai amsa ba.

(b) Amsa. A ba shi lokaci ya mayar da jawabi a rubuce.

(c) Bincike. In amsar ba ta gamsar ba, kuma laifin babba ne, sai a kafa kwamiti. Ma'aikacin yana da haƙƙin ganin takardun da za a kafa hujja da su a kansa, da kawo shaidunsa, da yi wa shaidun da aka kawo tambayoyi.

(d) Dakatarwa. Ana iya janye shi daga ofis don kada ya taɓa takardu ko ya tsorata shaidu, akasari a kan rabin albashi. Wannan ba hukunci ba ne. In aka wanke shi, sai a biya shi abin da aka riƙe.

(e) Hukunci. Ya kama daga gargaɗi, da hana ƙarin albashi, da rage matsayi, zuwa ritayar dole da kora. Kora ita ce mafi tsanani, domin takan tafi da fansho da giratuti.

(f) Ɗaukaka ƙara, da farko a cikin gida, sannan a kotu.

Bugun 2008 na ƙa'idojin tarayya ya ƙayyade kwana 60 don kammala ladabtarwa, in ban da inda aka shiga batun laifin da kotu za ta yi wa shari'a.

4.0 Matsayin Kotuna

Tushen waɗannan matakai shi ne sashe na 36 na tsarin mulkin 1999, wanda ya tabbatar da haƙƙin a saurari mutum bisa adalci. Ginshiƙansa biyu ne: a ji ta bakin wanda ake zargi, kuma kada mutum ya zama alƙali a maganar da ta shafe shi.

A shari'ar Shitta-Bey da Hukumar Ma'aikatan Tarayya a 1981, Kotun Ƙoli ta nuna cewa ƙa'idojin aikin gwamnati suna da ƙarfin doka, ta kuma sa aka mayar da jami'in bakin aikinsa. A 1985, a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas, ta bambanta aikin da doka ta kafa sharuɗɗansa da aikin ubangida da yaronsa. A na farkon, sallamar da ba ta bi ƙa'ida ba tamkar ba a yi ta ba ce. A 1986 kuma, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, ta soke korar wasu ɗalibai, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Ko da yake ba a ƙananan hukumomi waɗannan shari'o'i suka taso ba, ma'aunin da suka kafa shi ake ɗorawa a kan ma'aikacin da dokar jiha ta tsara aikinsa. Tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya keɓe irin waɗannan ƙararraki ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, kotu takan fara da duba hanyar da aka bi kafin ta dubi laifin. Alal misali, mai karɓar haraji a kasuwa da ya ci kuɗi, aka kore shi ba tare da takardar tuhuma ba, yana iya komawa kujerarsa da umurnin kotu, a kuma biya shi albashin duk shekarun da aka shafe ana shari'a daga baitulmalin jama'ar da ya cuta. Sauri ya haifi nawa ke nan.

5.0 Inda Ake Kauce wa Hanya

Ɗabi'ar kora ba bincike tana da tarihi. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata kimanin 10,000, da yawansu a rediyo suka ji labari. Dokar soja mai lamba 17 ta 1984 kuma ta hana kotuna sauraron ƙarar wanda aka sallama a ƙarƙashinta. Mulkin soja ya kau a 1999, amma tunanin cewa mai mulki yana iya kora da kalma ɗaya bai gama kauwa ba.

A ƙananan hukumomi kaucewar takan zo ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce tura ma'aikaci wani lungu mai nisa da sunan canjin wurin aiki, alhali horo ake nufi. Ta biyu ita ce tsayar da albashi da umurnin baki, musamman a lokacin tantance ma'aikatan bogi, inda na gaske kan faɗa cikin jerin. Ta uku ita ce dakatarwar da ba ta da ranar ƙarewa. Dukkansu ba sa barin takardar da mutum zai riƙe ya kai ƙara.

6.0 Yin Hukunci a Fili

Yin abu a fili ba ya nufin tona asirin ma'aikaci a kasuwa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta wajabta wa hukuma amsa buƙatar bayani cikin kwana 7, ita kanta ta kare bayanan da suka keɓanta ga mutum, kamar abin da ke cikin fayil ɗinsa. Abin da ake nufi shi ne ƙa'idojin aiki su kasance a hannun kowane ma'aikaci, cikin harshen da yake ji, domin masinja da mai gadi da leburan tsafta ba duka suke karanta Ingilishi ba. Haka kuma a rubuta dalilin kowane hukunci a ba mai shi, a bar wakilin ƙungiyar NULGE ya raka shi gaban kwamiti, sannan hukumar jiha ta riƙa fitar da adadin waɗanda ta hukunta kowace shekara da irin laifuffukansu, ba tare da sunaye ba. Ta haka ne za a gane ko laifi iri ɗaya yana samun hukunci iri ɗaya.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa doka ba ta hana a hukunta ma'aikaci ba, hanya ta shimfiɗa. Shugaban da ya bi ta, hukuncinsa zai tsaya a gaban kotu. Ma'aikacin da ya tabbata ba za a taɓa abincinsa ba sai da hujja, shi ne zai iya ƙin sa hannu a takardar biyan kwangilar da ba a yi ba. Amfanin bin ƙa'ida ke nan ga talakan da ke jiran rijiya da asibiti daga ƙaramar hukumarsa.