Albashi Guda, Baki Shidda

Jama'a, ga labarin wani gida a Maradi. Maigida gadi yake yi, shi kaɗai ke samun kuɗi. Uwargida tana gida da yara huɗu. Amma ba su cin bashi. Ta yaya?

Maigida yana zubin adashi. Da kaka yake kwasa, lokacin da hatsi ke araha, ya sayi na shekara. Uwargida ke riƙe da tiya. Kullum ɗaya take aunawa, ba ƙari: wata guda tiya 30. Dusa ta akuya ce. Kuɓewa da kuka ta shanya ta ajiye. Gab da salla, a saida ɗan akuya a yi wa yara ɗinki.

Da damina hatsi ya yi tsada, maƙwabta na neman rance, su kuwa tukunyarsu na bisa wuta.

Ƴan'uwa, mu auna tun da kaka.