Me ke hana kyamarar masana'anta sauri?

A kasuwar kayan lantarki ta Adjamé, wadda mutanen Abidjan ke kira Black Market, kyamarori na zuwa da lamba a jikin kwali: hoto 30, ko 60, ko 120 a daƙiƙa ɗaya. Mai shagon da ke son ganin fuskar ɓarawo, hoto 25 ma ya ishe shi. Amma idan ka haye ruwa zuwa Treichville, wajen tashar jiragen ruwa da masana'antun Vridi, maganar ta sauya. Kyamarar masana'anta ba mutum ke kallon hotonta ba, kwamfuta ce. Aikinta ta duba kowace kwalba da ke gudu a kan bel, ta ga ko murfi ya zauna, ko tambari ya karkace. 'Yar'uwarta ce ke cikin injinan tsince shinkafa na Kano. Hoto ɗaya ya kuɓuce mata, kaya mara kyau ya shiga kasuwa.

Lambar kwali ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta cika sai komai ya daidaita, kuma abin da ya fi hana ta cika shi ne haske. Kafin hoto ya fito, dole idon kyamara ya tsaya a buɗe ya tara haske. Idan wurin da duhu-duhu har sai ya yi kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa a buɗe, to ba za ka wuce hoto 100 ba, kome tsadar kyamarar. Ga kuma wata matsalar: bel mai gudun mita ɗaya a daƙiƙa, a wannan ɗan lokacin ya ja kwalba santimita guda, rubutun jikinta ya dagule. Maganin shi ne a taƙaita buɗewar, a ƙaro haske mai ƙarfi. Ban da fitilar rufin ɗaki, domin wutar kamfanin lantarki na CIE tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma na ƙyaftawa sau 100, sai wani hoton ya fito da haske, wani da duhu. Shi ya sa ake haɗa fitilar LED mai walƙawa daidai lokacin ɗauka. A ganina, nan ne ya kamata kuɗi ya fara shiga, amma nan aka fi yin rowa.

Bayan an tara hasken, idon kyamara na fitar da hoton ne layi-layi. Yawan layi, yawan jira. Idan murfin kwalba kawai kake son gani, ka umarci kyamara ta bar sauran layukan, nan take saurin zai ƙaru ba tare da kashe ko sisi ba.

Sai waya. Duk yawan motocin da suka taru a Plateau, faɗin gadar Houphouët-Boigny ne ke yanke nawa za su bi ta kanta zuwa Treichville, haka ma hoto da wayarsa. Tsarin waya na GigE Vision, wanda ya fito a 2006, a sigarsa ta farko yana ɗaukar kimanin megabayit 115 a daƙiƙa. Hoto mai ɗigo miliyan 5, baƙi da fari, nauyinsa megabayit 5 ne. Raba ka gani: hoto 23 ke nan, ko da idon kyamarar zai iya ninka haka. USB3 Vision na 2013 ya fi shi sau uku da 'yan kai, amma wayarsa 'yan mitoci ce, alhali GigE na kai mita 100. CoaXPress ya fi su duka gudu, sai dai yana buƙatar kati na musamman a cikin kwamfuta. Idan kuma ka jona kyamara huɗu a hanya guda, rabawa za su yi.

Ita ma kwamfutar, in ba ta gama duba hoto ba kafin na gaba ya iso, hotuna za su taru har wasu su zube.

Don haka kafin ka tura kuɗi a sayo maka kyamara, auna gudun bel ɗinka, ka san ƙanƙantar aibin da kake nema da nisan kwamfuta daga inji. Ka kai wa mai sayarwa waɗannan alƙaluma uku, ka ce ya gwada maka a kan kayanka.