Soyayya Daban, Ƙauna Daban: Karatun da Na Ɗauko a Musawa

Yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba. Ni da na rubuta littattafan soyayya har uku, ina taƙamar na san so ciki da bai, sai ga shi yara 'yan makaranta sun zaunar da ni sun ba ni karatu a garin Musawa ta jihar Katsina.

Bikin wata ƙawata da muka yi sakandare tare ne ya kai ni. Bahaushiya ce gaba da baya, kuma Kirista ce. Na san wata za ta riƙe baki, to ki saki, domin kuwa suna da yawa a ƙasar Malumfashi, Ƙafur, Matazu, Musawa har zuwa Funtuwa. Akasarinsu jikokin Maguzawa ne, manoman dawa da masara da auduga. Da yawansu 'yan majami'ar ECWA ne, wadda ta fito daga aikin 'yan mishan na SIM a 1954, akwai kuma 'yan Katolika da 'yan Angalika. Tun 1932 suke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma a 2023 aka naɗa ɗan yankin Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop na farko na Katolika a Katsina.

Ana gobe ɗaurin aure, 'yan zumuntar matasa suka taru a tsakar gida suna gwajin waƙoƙin biki. Da suka gama aka hura wuta ana gasa masara, sai amarya ta tona ni, wai ga mai rubuta littattafan nan da kuke ɓoyewa a ƙarƙashin filo. Nan take wata 'yar siririya ta ce, "Anti, don Allah me ya sa da an ɗaura aure sai labarinku ya ƙare?" Wallahi na rasa amsa.

Wani saurayi ya karɓe zancen. Ya ce a littafinsu kalmar da aka fi amfani da ita ita ce ƙauna. Ya kawo sura ta 13 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, wadda ake yawan karantawa ranar aure. Ya ce ka bi ta daga farko har ƙarshe, ba za ka ga an ambaci faɗuwar gaba ko kasa barci ko fararen idanu ba. Halaye kawai aka jero, irin su haƙuri da kirki, da barin hassada da girman kai da son kai da riƙo. Da yake ɗan manomi ne sai ya buga misali da ruwan farko. Ya ce ruwan farko yana da ƙamshi, kowa na murna da shi, amma wanda ya zuba duk irinsa saboda shi, in aka yi sati uku ba a ƙara ba, shukar ta ƙone. Soyayya ke nan. Ƙauna kuwa damina ce, sai ta zauna ake cika rumbu.

Duk wannan hira da ake yi, akwai wata yarinya 'yar ajin ƙarshe da ba ta ce uffan ba. Sai da taro ya ragu ta matso kusa da ni da matar fasto, hawaye na zuba. Ashe shekara biyu ke nan tana tare da wani yaro, iyaye sun sani. Sai 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu suka kore shanun huɗar gidansu, ya dawo yana ƙwadago a gonakin mutane. Ana haka wani mai sayen hatsi ya fito, ga mota, ga turamen atamfa, har waya ya saya mata. Amma kullum maganarsa ɗaya ce: in da gaske tana son sa, ta same shi a masaukinsa a Funtuwa. In ta ƙi sai ya yi kwana uku yana gaba da ita. Ta ce, "Mama, ba an ce ƙauna haƙuri ba ce? Ko ni ce ba ni da haƙuri da shi?"

Ku ji amsar dattijuwar nan. Ta ce, "'Yata, surar da ta ce ki yi haƙuri, ita ce kuma ta hana son kai da murna da mugun abu. Ki auna shi da mudun da kike auna kanki." Ta tuna mata labarin Yakubu a littafin Farawa, yadda ya yi wa Laban kiwo shekara bakwai saboda Rahila, aka yaudare shi aka ba shi yayarta Lai'atu, ya sake ɗaukar wasu bakwai. Ta ce koyarwarsu ta ɗora wa miji ya ƙaunaci matarsa har ya ba da kansa dominta, kuma aurensu mace ɗaya ce har mutuwa. To wanda ya kasa jiran ranar aure, yaya zai yi da shekara arba'in?

Abin da ya burge ni shi ne ba ta ce mata lallai ta auri talakan ba. Cewa ta yi ta gama jarrabawarta tukuna, ta kuma gaya wa mahaifiyarta komai a daren nan. Washegari da muka fito daga majami'a, na hango ƙanen yarinyar ya nufi tasha riƙe da kwalin waya.

'Yar uwa, ko Musulma ce ke ko Kirista, tarkon iri ɗaya ne, kuma babu addinin da ya yarda a sayi mutuncinki da atamfa. Duk saurayin da ya ce sai kin ba shi shaidar so a ɗaki, tambaye shi tasa shaidar. Me ya taɓa jurewa saboda ke? Ya san ƙofar gidanku da rana, ko sai bayan magariba a bakin lungu? In kin ce a'a, fushi yake ko girmama ki yake ƙarawa?

Ni dai na dawo gida na ɗauko littafin da nake rubutawa, wanda na riga na rufe a ranar kai amarya, na ƙara masa babi biyar. Ku rubuto mini ra'ayoyinku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.