Masu Gashi da Sautin da Kunne Ba Ya Ji

Kowa ya san na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita. Tana da 'yar'uwa a sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci, wadda ba ta ɗaukar hoto, sai dai ta yi magani. Masu riƙe ta sai sun yi digiri a fannin, kamar wanda ake yi a Jami'ar Bayero, sun kuma samu lasisi.

Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Wannan na'ura kuwa tana kaɗawa sau miliyan 1 zuwa miliyan 3. A cikin kanta akwai ɗan dutse mai karkarwa idan lantarki ya ratsa shi, ilimin da ya samo asali daga binciken Pierre da Jacques Curie a Faransa a 1880. Gashin tawul da ruwan zafi a fata yake tsayawa, amma wannan karkarwa tana kai ɗumi cikin tsoka da jijiya.

Kunna na'urar ba wuya, gwanintar tana wajen lissafi. Idan ciwon na da zurfi, sai a zaɓi miliyan 1, mai nitsawa kusan santimita 5. Idan yana kusa da fata, kamar gwiwar hannu, miliyan 3 ya wadatar. Sabon targaɗe mai kumburi ba ya son zafi, don haka ake sakin sautin a gutsure. Tsohuwar kafaɗa da ta sanƙare kuwa, a bar shi ya zarce. Dole a shafa wani mai mai santsi, domin iska tana tare sautin. Hannu kuma ba ya tsayawa na tsawon minti 5 zuwa 10, don idan ya tsaya wuri ɗaya zafi zai taru a kan ƙashi. Shi ya sa za ka ji ana cewa, "Baba, in ka ji zugi ka yi magana."

Ba a ɗora ta kan ido, ko cikin mai juna biyu, ko kusa da batirin zuciya, ko inda ake zargin ciwon daji.

Bincike bai nuna tana da wani babban tasiri kan tsohon ciwon baya ba. Saboda haka ƙwararre ba ya sallamar majinyaci da ɗumi kawai. Da zarar jijiya ta yi laushi, sai a shiga miƙe gaɓa da atisaye, a kuma ba shi wanda zai riƙa yi a gida.