Yadda Ake Adana Gawawwakin Sarakunan Tsohuwar Masar a Gidajen Kayan Tarihi

Aikin gidan kayan tarihi shi ne tattara abubuwan da mutanen da suka bari, kamar tukwane da makamai da littattafai, a adana su, a kuma nuna wa jama'a. Amma akwai abu guda wanda ajiyarsa ta fi ta sauran nauyi, watau gawar ɗan Adam. Duk gidan da ya ajiye gawa ya ɗauki amana biyu: ya kare ta daga lalacewa, ya kuma kiyaye mutuncin mai ita. Labarin gawawwakin sarakunan tsohuwar Masar ya nuna yadda aka koyi riƙon amanar nan sannu a hankali, bayan an tafka kurakurai.

Mutanen tsohuwar Masar sun gane cewa laima ce ke ruɓar da jiki. Saboda haka idan sarki ya mutu sai su fitar da kayan cikinsa, su binne gawar cikin kanwa, irin wadda Hausawa suka sani, har ta tsotse ruwan jikin sarai. Sa'an nan a shafe ta da ƙaro, a naɗe da ƙyallayen lilin. Aikin duka yakan ɗauki kwana 70. Daga nan sai kabari ya ƙarasa sauran, gama an sassaƙa shi cikin dutse, ga duhu, ga bushewa, zafinsa kuwa ba ya sakewa sosai. Da haka gawar Ramsis na Biyu, wanda ya rasu wajen shekara ta 1213 kafin haihuwar Annabi Isa, ta wuce shekara 3,000 kamanninta ba su ɓace ba.

A 1881 hukuma ta kai ga wani rami a Dairul Bahari, kusa da Luksor, inda malaman addininsu suka ɓoye gawawwakin sarakuna masu yawa don tsoron ɓarayin kaburbura. Cikin kwana 2 aka kwashe su, aka sa a jirgin ruwa zuwa Alƙahira. Masanan wancan zamani ba su san wata hanyar bincike ba sai warwarewa. A 1886 Gaston Masfero ya kwance gawar Ramsis a gaban Taufiƙ, mai mulkin Masar. Ta Tutankamun ma ta fi shan wuya: a 1925 aka tarar ƙaro ya manne ta da akwatinta, sai aka yanka ta gaɓa gaɓa kafin a iya ɗago ta. Abin da aka ɓata a irin wannan aiki ba ya gyaruwa har abada.

Da gawa ta bar kabari, sai abokan gabanta su far mata. Laimar iska da numfashin 'yan kallo su kawo fumfuna, haske ya cinye ƙarfin lilin, ƙwari su shiga fata, saukar zafi da hawansa kuma su tsattsage ta. Haka ya faru ga Ramsis. A 1976 aka ɗauke shi a jirgin sama zuwa Faris, ta ƙasar Faransa, inda sojoji suka tarye shi da faretin girmamawa irin na sarakuna. Masana suka tabbatar fumfuna ce ke cinsa, suka kashe ta da wani haske mai ratsa jiki da ake kira gama, aka mai da shi gida a 1977.

Wannan ya koya wa masu adana cewa rigakafi ya fi magani. Dabarar da aka tsaya a kanta kuwa ita ce a mayar wa gawa da halin da ta baro a kabari. Iskar da mutum ke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ce, kashi 78 kuma naitirojin. Ƙwari da fumfuna ba sa rayuwa sai da oksijin. Saboda haka aka ƙera akwatunan gilashi waɗanda iska ba ta shiga, a fitar da oksijin ɗin ciki, a cika su da naitirojin, a riƙa auna laima da zafi kullum, a kuma rage haske. Bincike ma ya sake hanya. Gawar Amanhotaf na Ɗaya, wadda Masfero ya bari a naɗe saboda kyan naɗinta, an duba cikinta da na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki. Sakamakon da Sahar Salim da Zahi Hawas suka buga a 2021 ya nuna ya mutu yana da shekara kamar 35, ba tare da an zare ko zare ɗaya daga likkafaninsa ba.

Amana ta biyu ta fi wuyar warwarewa, domin ba na'urar da ke auna ta. Waɗanda suka yi wa sarakunan nan sutura sun yi ne don kada ido ya sake ganinsu. A 1980 Shugaba Anwar Sadat ya ga bai dace a mai da matattu abin kallo ba, ya sa aka rufe ɗakinsu. Sai a 1994 aka sake buɗe shi da gawawwaki 11 cikin sababbin akwatuna. Ranar 3 ga Afrilu, 2021, aka ɗauki gawawwaki 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabon gida a Fusɗaɗ, ana buga musu bindigogin ban girma. Ɗakin da aka shirya musu yana ƙarƙashin ƙasa, haskensa kaɗan ne kamar na kabari, kowane sarki da sunansa da tarihinsa a gefensa, an lulluɓe yawancin jikinsa, an kuma hana ɗaukar hoto.

Har sunan da ake kiransu da shi ya shiga cikin maganar. Kalmar mumiya, wadda Turawa suka ara daga Larabci, asalin ma'anarta wani abu ne mai kama da kwalta, domin an zaci da shi aka shafe gawawwakin. Ashe sunan abin shafawa ne aka laƙaba wa mutum. Don haka waɗansu gidajen tarihi na Birtaniya suka koma rubuta sunan mamacin idan an san shi, in ba a sani ba su ce mutumin da aka busar da gawarsa.

Har yanzu masana sun rabu biyu. Waɗansu na ganin nuna gawa yana sa mai kallo ya tuna cewa mutane ne irinsa suka gina Masar, waɗansu kuwa na cewa mamaci bai ba da izini ba, kabarinsa ya fi cancanta da shi. Abin da duka suka yarda da shi shi ne, wanda ya fitar da mutum daga kabarinsa, wajibi ne ya tanadar masa abin da kabarin ke ba shi: kariya daga ruɓewa, da natsuwa, da sutura.